Daga Haɗa Baƙi zuwa Magana Jari Ce: Nazarin Kayan Koyar da Karatun Hausa a Ƙananan Azuzuwan Firamare

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi kayan aikin da malamin firamare yake dogara da su wajen koya wa yaro karatun Hausa daga aji ɗaya zuwa aji uku, wato littafin ɗalibi da jagoran malami da katunan baƙaƙe da littattafan ƙarin karatu da abin da ake samu a intanet. An auna su da ma'auni uku: dacewa da tsarin rubutun Hausa, jerantuwa daga sauƙi zuwa wuya, da isa hannun yaro. Nazarin ya nuna cewa matakin haɗa baƙi ya sami kulawa a shekarun baya-bayan nan, matakin ƙwararren mai karatu kuma yana da gadon adabi tun daga shekarun 1930, amma tsakaninsu akwai giɓi. Hujjar maƙalar ita ce giɓin nan ya fi yi wa mai koyon Hausa illa fiye da yadda ake zato, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kuma yawan karatu ne kaɗai yake cike gurbin abin da rubutun ya bari.

1.0 Gabatarwa

An saba danganta raunin karatu a makarantun firamare na Arewacin Nijeriya da cunkoson aji da ƙarancin malamai da lalacewar gine-gine. Duk wannan haka yake. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: idan malami ya shiga aji, ga alli a hannu, ga yara a gabansa, mene ne yake da shi da zai ɗora su a kai, kuma bisa wane tunani aka tsara abin?

Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka fi sani da EGRA, wanda aka gudanar da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, ya nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko da kalma ɗaya daga ɗan gajeren labarin da aka miƙa musu ba. Abin lura shi ne da harshen da yawancinsu suke magana da shi kullum aka rubuta labarin, harshen da suke wasa da faɗa da ciniki da shi. Ashe matsalar ba ta rashin jin harshe ba ce. Hanyar da za ta sada harshen da ke bakin yaro da wanda ke kan takarda ce ta yanke.

Manufar wannan maƙala ita ce tantance kayan da aka tanada domin wannan sadarwa, a ga inda suka dace da tsarin Hausa da inda suka kauce, sannan a nuna matakin da ya fi buƙatar aiki.

2.0 Bitar ra'ayoyin magabata

2.1 Taƙaddama kan hanyar koyar da karatu

Masana a Amurka da Ingila sun daɗe suna ja-in-ja tsakanin hanyoyi biyu. Goodman (1967) yana ganin mai karatu hasashe yake yi, yana dogara da ma'anar jimla ya gano kalma ba tare da bin kowane harafi ba. Chall (1967) kuwa, bayan ta bi diddigin binciken da aka yi kafin ta, ta nuna cewa yaran da aka koya wa alaƙar harafi da sauti tun da wuri, kuma a tsare, sun fi samun nasara. Gough da Tunmer (1986) sun taƙaita lamarin da cewa fahimtar karatu tana samuwa ne idan abu biyu suka haɗu, iya haɗa baƙi da fahimtar harshen baka. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya tsayawa. Kwamitin karatu na ƙasar Amurka, a rahotonsa na 2000, ya ware ginshiƙai biyar: tantance sautuka da kunne, alaƙar harafi da sauti, karatu ba gargada, tarin kalmomi, da fahimta. A kan waɗannan biyar aka gina akasarin shirye-shiryen karatu da suka shigo Arewa.

Wannan taƙaddama a kan Ingilishi aka yi ta, harshen da rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga a wurare da yawa. Seymour da Aro da Erskine (2003) sun kwatanta yaran ƙasashen Turai, suka gano cewa masu koyon harsuna irin su Finlanci da Italiyanci da Girkanci sukan iya karanta kusan duk kalmomin da aka ba su a ƙarshen shekarar farko, alhali masu koyon Ingilishi ba su kai rabi ba. Ke nan kayan da aka tsara domin wahalhalun Ingilishi ba lalle su dace da wani harshe ba.

2.2 Harshen koyarwa

Tun a 1953 hukumar UNESCO ta goyi bayan fara ilimi da harshen uwa. A Nijeriya, shirin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara duk darussa da Yarabanci, in ban da darasin Ingilishi, kuma babban kaso na aikin ya tafi ne wajen rubuta littattafai da ƙirƙirar kalmomin fannu. A Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Cummins (1979) ya kawo hujjar cewa ƙwarewar karatu da yaro ya samu a harshensa na farko takan bi shi zuwa harshe na biyu.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi koyarwa da harshen muhalli a azuzuwan farko, bugun 2004 kuma ya ƙayyade shekara uku. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar janye manufar da komawa ga Ingilishi. A duk tsawon wannan kai-komo, an fi kashe ƙarfi a kan wane harshe za a zaɓa, ba a kan wane littafi za a miƙa wa yaro da harshen ba.

2.3 Littattafan karatu na Hausa

Yahaya (1988) ya bayyana tarihin rubutun boko dalla-dalla, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912, zuwa Hukumar Fassara da Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, da gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, har zuwa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da ta fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Daga baya aka sami hukumar NORLA a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da kamfanin NNPC na Zariya a 1966. Jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu ya raini ɗalibai masu yawa, haka ma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970. Nazarin da aka yi wa waɗannan ayyuka ya fi karkata ga jigo da salo. Ba a cika duba su a matsayin kayan koyon karatu ba, wato a tambayi wane yaro ne zai iya karanta wane shafi, kuma a wane mataki.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar nazarin takardu tare da ƙwanƙwance tsarin harshe. Kayan da aka duba rukuni huɗu ne: tsofaffin littattafan koyon karatu da na adabi da aka ambata a 2.3, kayan shirye-shiryen tallafi na baya-bayan nan, irin su RARA da Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara. Na uku shi ne kayan bango da katuna irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa. Na huɗu kuma littattafan kyauta na intanet.

Domin sauƙin bayani an yi amfani da kalmomin fannu guda uku. Matanin haɗa baƙi shi ne rubutun da ba ya ɗauke da wani harafi sai wanda aka riga aka koyar. Littafin hawa-hawa shi ne wanda aka tsara cikin jeri, kowanne ya ɗara wanda ya gabace shi wuya kaɗan. Zaɓen lafazi kuwa shi ne aikin da mai karatu yake yi na tantance tsawon wasali da karin sautin da ya dace da kalma bayan ya gama haɗa baƙaƙenta.

4.0 Nazari

4.1 Baƙi da wasali da gaɓa

Ta fuskar baƙaƙe, rubutun Hausa yana cikin masu sauƙi. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓar Hausa siga uku kawai take da su: baƙi da gajeren wasali kamar a ci, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar a kai da sau, sai baƙi da wasali da baƙi kamar a nan da har. Saboda haka jadawalin gaɓoɓi irin na ba, bi, bu, be, bo, wanda tsofaffin littattafai suka dogara da shi, ba tsohon yayi ba ne da za a yar. Ya dace da ginin harshen, kuma kayan zamani da suka riƙe shi sun yi daidai.

Inda matsala take farawa shi ne bango. Akasarin allunan haruffa da ake saya a kasuwa a liƙa a aji na Ingilishi ne. Suna ɗauke da p da q da v da x waɗanda daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da su, ba su kuma da ɓ da ɗ da ƙ da 'y da ts da sh. Mafi muni shi ne sunayen haruffan. Yaron da ya haddace jerin haruffan Ingilishi zai kira a da sunan da ya yi kama da “e”, ya kira e da “i”, ya kira i da “ai”. Wasula uku cikin biyar ke nan sun bar mazauninsu tun kafin a buɗe littafin Hausa. Haka nan zai kira c da “si”, sannan a ce ya karanta cokali. Allon haruffan Hausa, mai hoton abin da yaro ya sani a gefen kowane harafi, shi ne kayan aiki mafi arha a duk jerin da ake magana a kai, kuma rashinsa ba shi da wani uzuri.

Batu na biyu shi ne jerin da ake bi wajen gabatar da haruffa. Bin jerin abacada yana jinkirta ranar da yaro zai karanta kalma ta gaske. Idan aka fara da haruffan da suka fi yawan fitowa, misali a da i da k da m da n, cikin 'yan makonni yaro zai karanta nama da kaka da mama da nan da ina, har ya haɗa jimla kamar “Ina nama?” Kayan shirye-shiryen baya-bayan nan sun bi wannan tsari, kuma nan ne babban abin da suka ƙara a kan na da.

Sai dai wannan dabara tana iya tura baƙaƙe masu lanƙwasa can ƙarshen shekara, alhali suna cikin kalmomin da yaro yake furtawa kullum: ɗaya, ɗaki, ƙasa, ƙofa, ɓera. Ya fi dacewa a gabatar da kowannensu ba da daɗewa ba bayan takwaransa marar lanƙwasa, a kuma gwama su cikin kalmomi masu bambancin harafi ɗaya, kamar baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Wannan yana ƙara muhimmanci a jiha irin Bauchi, inda ajin gwamnati yakan haɗa 'ya'yan Hausawa da na Fulani da Jarawa da Sayawa, waɗanda wasunsu ba su da ƙ a harshen gida. Littafin yara da aka buga ba tare da lanƙwasa ba, ko darasin da malami ya kwafo daga saƙon waya inda aka rubuta kasa a maimakon ƙasa, gurɓataccen kayan aiki ne, ko da labarin cikinsa ya yi daɗi.

Baƙaƙe masu goyo, wato sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw da fy, suna buƙatar katinsu na kansu, harafi biyu a kati ɗaya, domin sauti ɗaya ne. Yaron da ya raba g da y ba zai taɓa isa ga gyaɗa ba. Haka kuma ninkin baƙi, kamar a hannu da littafi, yana buƙatar darasi na musamman, tun da shi ne ya raba kala da kalla, ya raba kule da kulle.

4.2 Abin da rubutu bai nuna ba

Sauƙin da aka bayyana a sama ya sa ana saka Hausa cikin harsunan da ake karantawa yadda aka rubuta su. Wannan rabin gaskiya ne. Kowane wasali cikin biyar ɗin nan yana da dogo da gajere, kowace gaɓa kuma tana da karin sautinta, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kuma rubutun yau da kullum bai nuna ko ɗaya ba. Gari na iya zama wurin zaman jama'a ko abin da aka niƙa. Wuya na iya zama gaɓar jiki ko wahala. Kuka na iya zama itaciya ko hawaye ko wakilin suna kamar a “ku kuka zo”. Dafa na iya zama aikin tukunya ko ɗora hannu a kafaɗa.

Abin bai tsaya ga ɗaiɗaikun kalmomi ba, ya shiga cikin nahawu. A dubi waɗannan jimloli: “Audu ya tafi”, “Audu ne ya tafi”, “Ina so Audu ya tafi”. Rubutun ya iri ɗaya ne a duka ukun, amma a ta farko wasalin dogo ne, a ta biyu gajere mai karin sama, a ta uku gajere mai karin ƙasa, kuma kowanne lokaci daban yake nunawa. Kalmomi irin su ya da ta da na da ba da da suna cikin waɗanda suka fi yawan fitowa a kowane shafin Hausa, kuma kowaccensu tana da lafazi fiye da ɗaya.

Babban da ya ƙware ba ya jin nauyin wannan, domin idonsa yana riga bakinsa, ya riga ya ga jimlar kafin ya furta kalmar. Yaron da yake bin gaɓa ɗaya-ɗaya ba shi da wannan damar. Kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya kuɓuce masa, sai ya furta kowace gaɓa da tsawo ɗaya da kari ɗaya, abin da ya fito daga bakinsa bai yi kama da Hausar da ya sani ba, shi kansa bai gane abin da ya karanta ba. Wannan shi ne karatun da ake ji a azuzuwa da yawa, wanda akan ɗauka alamar daƙiƙancin yaro ce. A gaskiya yaron ya gama aiki na farko, wato haɗa baƙi, aiki na biyu ne, zaɓen lafazi, ba a ba shi kayan yin sa ba.

A nan ya kamata a bambanta da ra'ayin Goodman. Mai karatun Hausa yana buƙatar ma'anar jimla, amma bayan ya haɗa baƙaƙen kalma, ba a madadin haɗa su ba. Hasashe daga hoto ba karatu ba ne. Zaɓe tsakanin lafazi biyu na kalmar da aka riga aka haɗa kuwa karatu ne.

Abu uku suke biyo baya. Na farko, katin da ke ɗauke da kalma ita kaɗai, kamar gari ko fito, ba shi da amsa ɗaya, don haka bai dace da koyarwa ko gwaji ba sai an haɗa shi da hoto ko gajeriyar jimla. Na biyu, akwai batun ko a sanya alamar tsawo da kari a littafin yara. Taron Bamako na 1966 ya ba da shawarar ninka wasali domin nuna tsawo, Nijar ta yi aiki da hakan na wani lokaci, Nijeriya ba ta karɓa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a bar littafin ɗalibi a kan rubutun da zai tarar a jarida da allon kan hanya, amma a sanya alamomin a jagoran malami, a duk inda kalma take da lafazi biyu. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, zaɓen lafazi ba a koyon sa da ƙa'ida. Sai yaro ya ci karo da ya da ta da ba sau ɗaruruwa cikin jimloli masu ma'ana kafin idonsa ya fara riga bakinsa. Wannan yana buƙatar shafuka masu yawa a daidai ƙarfinsa.

4.3 Giɓin da ke tsakiya

Idan aka ɗauki kayan karatun Hausa a matsayin tsani, matakalar ƙasa tana nan, ta sama ma tana nan, na tsakiya ne suka ɓalle. Littafin haɗa baƙi yakan ƙare da 'yan jimloli masu kalma huɗu ko biyar. Abin da ya fi samuwa bayansa a kantin littattafai shi ne irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Waɗannan ayyuka ne da ba a ja da darajarsu, amma Magana Jari Ce labari ne cikin labari, mai dogayen jimloli da kalmomin fada da aron Larabci da karin magana. Yaron aji uku zai more ta idan malami ya karanta masa a bayyane, kuma ya kamata a riƙa karanta masa, domin ta nan tarin kalmominsa yake ƙaruwa. Amma a ce ya karanta da kansa, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Sakamakon gwajin RARA na 2014 zuwa 2015 ya yi daidai da wannan fahimta: yaran da aka ba sababbin kayan sun fi takwarorinsu, amma da yawansu sun ƙare shekarar ba su kai ga karanta labari ba gargada ba. Stanovich (1986) ya bayyana yadda irin wannan tazara take faɗaɗa: wanda ya fara jin daɗin karatu yakan ƙara karantawa ya ƙara ƙwarewa, wanda ya sha wuya yakan guje shi ya ƙara komawa baya. Yaron da ya iya haɗa baƙi a aji biyu, bai sami abin karantawa ba har aji huɗu, yana iya rasa abin da ya koya.

Abin da ake buƙata shi ne littattafan hawa-hawa masu yawa, ba ɗaya ko biyu ga kowane aji ba. Kuma da ma'aunin Hausa za a auna hawan. Ƙidayar kalmomi kaɗai, wadda ake yi wa Ingilishi, ba ta isa ba. Sai an duba yawan gaɓoɓin kalma, da yawan rufaffun gaɓoɓi da baƙaƙe masu goyo, da yawan lokutan nahawu da aka cakuɗa a shafi ɗaya. Wannan ne ya sa littafin da aka fassaro yakan sauka daga matakin da aka rubuta a bangonsa: kalmar da take gajera a harshen asali tana iya zama makaranta ko malam-buɗe-littafi a Hausa.

Akwai kuma giɓi na nau'i. Kusan duk abin da ake ba yara labari ne. Rubutun bayani, wanda zai gaya wa yaro yadda ake fitar da mai daga gyaɗa, ko yadda ake rini a marinar Ƙofar Mata, ko yadda madatsar ruwa ta Kainji take samar da lantarki, ko dalilin da ya sa sauro yake yawa da damina, ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai yaro ya isa ajin da za a koya masa kimiyya da Ingilishi bai taɓa karanta bayani da kowane harshe ba, nauyi biyu ya hau kansa lokaci ɗaya.

Marubuta ba su yi ƙaranci ba. Adabin kasuwar Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya nuna akwai ɗaruruwan mata da maza masu iya riƙe mai karatu. Abin da ba a yi ba shi ne a ba su ƙa'idar mataki, a ce ga haruffan da aka yarda, ga tsawon jimla, a rubuta. Gasar 1933 ma da buƙatar makarantu ta fara.

4.4 Jagoran malami

Piper da abokan aikinsa (2018), a binciken da suka yi a Kenya, sun gano cewa horar da malami kaɗai bai kawo sauyi mai yawa ba, sai da aka haɗa shi da littafi a hannun kowane yaro da tsararren jagoran malami. Darasin ya shafe mu. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, amma wanda ya karanci Hausa a kwalejin ilimi ya fi samun horo a nahawu da adabi, ba a yadda ake ɗora yaro ɗan shekara shida a kan harafi ba. Malamin aji ɗaya kuma sau da yawa ba Hausa ya karanta ba.

Jagororin shirye-shiryen tallafi sun kawo tsari mai kyau, inda malami yake fara yi, sannan a yi tare, sannan yara su yi su kaɗai. Mataki na ukun ne yakan salwanta a aji mai cunkoso, a koma amshi, malami ya faɗa aji ya maimaita, har yara su haddace shafi ba su dube shi ba. Jagora nagari zai ba malami dabarar gane haka cikin minti ɗaya, kamar ya juya jerin gaɓoɓin a allo ko ya rufe hoton.

Abu biyu suka kamata a ƙara. Ɗaya shi ne jadawalin rabawa da haɗa kalmomi, domin a nan malamai suka fi tuntuɓe: yana da suka da littafinsa a haɗe, za su da ya ba shi a rabe. Ɗayan shi ne bayanin karin harshe. Yaron Sakkwato da ya ga tafi ya ce tahi, ko ya ga fata ya ce hwata, ya karanta daidai, ya ma nuna ya gane kalmar. Idan jagora bai faɗi haka ba, malami zai ɗauke shi kuskure.

4.5 Abin da yaro ya zo da shi

Yara da yawa suna zuwa firamare bayan sun fara makarantar allo, inda ake bin babbaƙu sannan farfaru, wato baƙaƙe zalla sannan baƙaƙe da wasulansu. Wannan yaro ya riga ya san cewa alama tana wakiltar sauti, kuma baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa. Ajami ma yana nuna tsawon wasali, abin da boko bai yi ba. Kayan da aka duba ba su cika gina darasi a kan wannan sani ba, ko da da jimla ɗaya da za ta ce wa malami ya tambayi yara abin da suka sani, ya kuma ja hankalinsu ga bambancin inda ake fara layi. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana kuwa su ne kayan ginshiƙi na biyu na Gough da Tunmer, wato fahimtar harshen baka, kuma ba sa buƙatar ko sisi.

4.6 Isa hannun yaro

Rumbunan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver da Bloom da Global Digital Library suna ɗauke da littattafan yara na Hausa waɗanda lasisinsu ya yarda a sauke a buga kyauta. Ingancinsu ya bambanta, wasu fassara ce da ke buƙatar gyaran ƙa'idar rubutu, kuma amfaninsu ga ajin ƙauye yana ga a buga su a takarda, ba a waya ba. Yaran Maraɗi da Damagaram ma za su iya amfana da bugu ɗaya da na Katsina da Kano, in ban da ƙananan bambance-bambance irin na ƴ da Nijar take rubutawa a inda Nijeriya take rubuta 'y.

Raunin kayan shirye-shiryen tallafi shi ne rayuwarsu tana ɗaure da ta shirin. Rufe ayyukan hukumar USAID a 2025 ya nuna haɗarin hakan a fili. Littafin yaro yakan yage cikin shekara biyu ko uku, kuma in babu mai sake bugawa, aji ya koma alli da allo. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin bai-ɗaya, wani ɓangare kuma na kayan koyarwa ne. Sake buga littattafan karatu duk shekara ya cancanci layinsa na dindindin a kasafin hukumomin SUBEB. Littafin da aka kulle a kabad ɗin ofishin hedimasta don gudun lalacewa kuwa, a ma'aunin wannan nazari, daidai yake da wanda ba a buga ba.

Aikin da za a iya farawa da shi ba tare da jiran tallafi ba shi ne kundin tantancewa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken karatu da kuma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Idan cibiyoyin biyu, tare da hukumar NERDC da kwalejojin ilimi, suka tattara duk littafin yara na Hausa da ake da shi, tsoho da sabo, na takarda da na intanet, suka gyara rubutunsa, suka sanya kowanne a matakinsa bisa ma'aunin gaɓa da aka bayyana a 4.3, za a san adadin da kowane mataki yake da shi, a kuma san matakin da za a fara ba marubuta aiki a kai.